Shaidar Cewa Surukina Bai Mutu Ba

Shekarar da farin ya yi tsanani ina koyarwa a firamare a Sabon Birni, ban cika shekara biyu da aure ba. Albashina in ya zo kwana goma yake yi ya yi mini sallama, don haka ba ni ke riƙe da kowa ba, in faɗi gaskiya. Mai riƙe da mu surukina ne, mahaifin matata, wani dogon tsoho da ke zaune a Gatawa wanda kowa ke kira Sarjan. Ya yi wa Faransa soja tun yana saurayi, aka kai shi ƙasashen da in ya fara lissafa maka su sai fura ta yi tsami a hannunka. Da ya bar aiki ya zauna a gefenmu na iyaka da iyalinsa, ana biyansa fansho a Maraɗi duk bayan wata uku. Da kuɗin nan ake sayen hatsin gidansa, da na gidan ƙanensa, da na wata maƙwabciyarsa da mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba. Har nawa gidan yana ciki, don matata ba ta taɓa dawowa daga ganin gida hannu rabbana ba.

A takarda Sarjan baƙo ne. An haife shi a wani ƙauye da ke hayin iyaka, wanda in jaki ya yi kuka a can ana ji daga gonarsa, amma duk da haka yana da katin zama na baƙi da yake kai wa a sabunta. Bai taɓa jin haushin baƙuncin ba, amfani yake da shi. In an zo karɓar haraji ɗan Nijar ne, in an zo rabon hatsin agaji sai ya tuna shekarunsa nawa a Gatawa.

Dokar fanshon ita ce sau ɗaya a shekara sai ya je da ƙafarsa ofishin da ke biyan tsofaffin sojoji, a dube shi a dubi hoton da ke cikin littafinsa, a buga hatimi cewa yana raye. In watan ya wuce ba hatimi, sai a rubuta shi cikin matattu, kuma kafin takarda ta je Faransa ta dawo a tashe shi, ana iya shekara. A wannan shekarar ya je shi kaɗai kamar kullum, ya dawo ba hatimi ba kuɗi. An sa sabon akawu, akawun ya dubi hoton ya dube shi ya ce ba shi ba ne. Ban ga laifin akawun ba sosai. Mutumin da ke cikin hoton kumatu gare shi cike da lafiya, shi kuwa Sarjan zazzaɓi da yunwa sun tsotse shi, haƙoran gaba kuma sun riga sun yi ritaya kafin shi. Aka ce ya kawo shaidu biyu da suka san shi kafin wata ya ƙare.

Surukata, wadda muke kira Inna, ita ta kawo dabarar farko. Ta ce tunda hoto ba ya ramewa, sai a ƙiba mai hoton. Kwana tara aka yi ana rage wa kowa rabonsa ana ƙara wa Sarjan. Fura sau biyu, tuwo malmala biyu, har zabuwar ƙarshe da ta rage a gidan aka yanka masa. Yana ci yana faɗa, yara na zaune suna rakiyar kowace loma da ido. Na ji haushin abin nan ƙwarai, don har da rabon gidana a cikin abin da ake ɗura masa. Ranar ta tara muka tsayar da shi a tsakar gida muka riƙe hoton kusa da fuskarsa. Ciki ya fito, fuska tana nan inda take.

Sai aka koma maganar shaidu. Abokansa na ƙuruciya wasu sun bi 'ya'yansu kudu, wasu ba su da ƙarfin hawa mota. Aka tsaya a kan Inna da ni. Ita don ta fi kowa saninsa, ni don ni ne ɗan bokon dangi. Na karɓi aikin ina hura hanci, har biro biyu na soka a aljihun gaba.

Muka hau motar 'yan kasuwa da sassafe, ranar ƙarshe ta watan, don sai a ranar aka sami mota. Hanya ba daɗin kallo. Gulbi ya bushe ƙayau, gonaki ba ko kara, nan da can mushen shanu. Kafin a kai shingen iyaka motar ta tsaya kamar yadda ta saba, mutane suka sauka suka bi 'yar hanyar da ke zagaye ofishin iyakar ta baya, don yawancinsu ba su da takarda kuma ba su taɓa jin suna buƙatarta ba. Sarjan ya ce shi soja ne, soja ba ya bin bayan gida. Ya gyara tsohuwar kwat ɗinsa ta soja, mai kauri, wadda ya saka cikin wannan zafin da lambobinsa uku a ƙirji, ya nufi tebur yana taku. Ma'aikacin ya juya katin baƙin ya tambaye shi dalilin tafiya.

"Za ni in gwada musu ban mutu ba," in ji Sarjan.

Mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya buga hatimi, ya ce, "To Baba, a yi sauri."

Inna ba ta da kati ko ɗaya. Ta ɗora ƙwarya a ka ta wuce ta gefen shingen, ta gaishe su da aiki, suka amsa suka tambaye ta mutan gida. Ni da na fi kowa takarda ni aka fi riƙewa, saboda a gefen jandarmomin Nijar na ga dama in nuna Turancina, su kuma suka ga dama su nuna mini ba Turancin ake ci a wurinsu ba. Sai da Sarjan ya dawo ya karɓe ni da Faransancinsa na bariki.

Hantsi ya yi nisa muka isa ofishin. Akawun saurayi ne Bazabarme, mai fara'a, kuma yana ganin tsagar Gobir a fuskar Sarjan ya fara wasan da ke tsakaninsu da Gobirawa, wai bayinsa sun kawo gaisuwa. Na yi wuf na ce a dubi tsagar, ai iri ɗaya ce da ta hoton. Ya ce duk Bagobirin da ya shigo ofishin nan da ita yake shigowa, in da tsaga ce shaida da mutum ɗaya ya karɓe fanshon bataliya guda. Duk wannan magana Sarjan na tsaye ƙiƙam ya cika kumatunsa da iska, yana jiran a sake duba hoton. Da numfashi ya ƙare masa sai ya saki da ƙara, ya sake cikawa.

Akawun ya ɗora tafin hannunsa a kan littafin ya rufe rubutun, ya juyo gare ni. Ya ce in faɗi sunan wannan mutum. Na ce Sarjan. Ya ce wannan muƙami ne. Na ce Baba. Ya ce shi ma yana da ɗaya a gida. Na buɗe baki in faɗi sunan na gaskiya, sai na tarar ba komai a wurin. Wallahi ban sani ba. Ranar ɗaurin aure, inda ake ambaton wance 'yar wane, ango ba ya zuwa. Matata ba ta kama sunan mahaifinta, ni kuma wane ni in tambayi sunan suruki. Kusan shekara biyu ina cin hatsin mutum ban san sunansa ba, ga biro biyu a aljihuna. Akawun ya yi dariya har ya share ido, ni kuwa na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Da ya huta ya ce ya yafe ni, zai karɓi shaidar Inna ita kaɗai tunda ta daɗe da shi. Amma a takardar da zai cike akwai layin da ke cewa shaida ta faɗi sunan da bakinta, kuma shi ba zai rubuta abin da kunnensa bai ji ba.

Nan aka yi cirko-cirko. Inna 'yar ƙaramar mace ce mai sanyin magana, kuma tun ranar da aka kai ta ɗakin Sarjan ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta yi zancensa sai ta ce mai gidan, ko su wane. Akwai yaron maƙwabta mai irin sunan, shi ma laƙabi ta yi masa tun yana zanen goyo. Ta ja mayafi ta ce a tambaye ta wani abin. Ba ta ma jira an tambaya ba. Ta faɗi tabon harsashin da ke cinyarsa ta dama, ta faɗi garin uwarsa, ta faɗi cewa yana minshari kuma yana tsoron allura, sojan da ake ji da shi. Sarjan ya ce wannan ba ya cikin tambaya. Ta ce sunansa ɗaya da tsohon limamin Turba, akawun ya ce bai taɓa zuwa Turba ba. Sarjan ya ce to shi bari ya faɗi abinsa, akawun ya ce duk wanda ya tsinci littafin zai iya haddace sunan. Sai Sarjan ya juya da muryar fareti.

"Ke, hwaɗi mana mu tahi!"

"Shekara talatin da ɗoriya ban hwaɗi ba," in ji Inna, "sai yau gaban yara?"

Akawun ya dubi agogo ya ce da azahar yake rufewa, gobe kuma sabon wata ne. Muka fita muka zauna a gindin wani dogon yaro da ke ƙofar ofishin. A nan dariyar ta ƙare mini. Raina ya ɓaci da Inna, ba zan ɓoye ba. Gida huɗu na jiran hatsi, matata da ciki, ita kuma tana nan tana tattalin kunya. Amma suruka ce, ba halin in ɗaga mata murya, sai na yi ta zana ƙasa da tsinke ina huci. Na sa ran Sarjan zai ci gaba da faɗa. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallonta, tana zaune ta haɗa kai da gwiwa, sannan ya cire kwat ɗin ya ninke ya ɗora a cinya.

"Ku taso mu koma gida," ya ce. "Ba ni tozarta ki gaban mutane don kuɗɗin Nasara. In sun rubuta na mutu, su rubuta. Allah na nan."

Inna ba ta ɗago ba. Can ta ce, kamar da kanta take magana, abin da ya rage a cikin rumbu ba zai kai mako ba. Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta ta nufi ƙofar, muka bi ta.

Sharuɗɗa ta gindaya, kuma ba wanda ya yi mata musu. Ni in fita waje. Sarjan ya juya ya fuskanci bango ya toshe kunnuwansa duka biyu. Akawu ya matso da kunnensa, kuma sau ɗaya za ta faɗa, in bai ji ba ruwansa. Na fita na laɓe ta taga, don ba a hana ni kallo ba. Ga dogon tsoho, sojan Faransa, ya kafe yatsu a kunne yana kallon bango kamar ɗalibin da na ba horo. Inna ta lulluɓe kanta gaba ɗaya ta sunkuya. Ban ji komai ba. Na dai ga akawun ya ɗaga hannunsa daga kan littafin ya duba, ya ɗauki hatimi ya buga. Bai yi dariya ba. Ya miƙe tsaye ya miƙa wa Inna littafin da hannu biyu.

Sauran aikin ba wuya. Muka kai littafin banki aka biya shi, muka sayi gero a kasuwa tunda a ranar ya fi sauƙi a can, muka sami motar da za ta koma. Inna ta haye can ƙarshen motar ta zauna a kan buhu ta ba mu baya, mayafi har ƙasan haɓa. Ko ruwa da na miƙa mata ba ta karɓa daga hannuna ba, sai da na ba wata mata ta ba ta. A iyaka ma ba ta gaishe da kowa ba.

Sarjan kuwa tun da muka bar Maraɗi yake wani murmushi da ban gane kansa ba. Na ɗauka murnar gero ce. Sai da muka tsallaka, motar na tangal-tangal cikin rairayi, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Malam, na hagun ban toshe shi da kyau ba."

Na juyo na dube shi.

"Tun da tsohuwata tar rasu ba wanda yak kira ni da shi hakanan," ya ce. "Ashe ta iya shi." Ya juya ya dubi bayan Inna, ya sa gefen rawaninsa ya goge ido. "Kak ka hwaɗa mata."

Ban faɗa mata ba, har ta koma ga Allah.