Goron Kawu da Koren Allo

Shekarar da muka dasa na'urori a ɗakin goron kawuna a Djougou, ni da abokina ko abinci ba ma ci sai tare. Ƙananan akwatuna ne kamar na ashana. Ana cusa su cikin huhun goro su auna zafi da danshi, su riƙa miƙa wa juna labari ba tare da waya ba, har ya iso kwamfutarmu a Ladjifarani, cikin Parakou. Ni na dasa su, shi kuma ya rubuta manhajar da ke lura da su daga nesa. Kore a allo lafiya ke nan, ja kuwa a tashi tsaye.

Kawu ya saba kwance huhunansa yana tsince ruɓaɓɓe, ga gwiwa ta fara ba shi wahala. Na ce ya huta, in da matsala zan kira shi. Da ƙyar ya yarda, don dai ni ɗan ƙanwarsa ne. Kullum in duba allo in ce masa, "Kawu, kore ne."

Wari ne ya sa Kawu ya kwance huhunan. Da na ji labari na kama mota daga Gare, tashar motarmu, na tarar da goro baje a tsakar gida, ya yi baƙi, ƙuda na bi. Na buɗe akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Batiransu sun mutu tun tuni.

Da na dawo Parakou allon yana nan kore shar. Na tsare abokina. Ko kunya babu, ya ce, "To, in pil, wato batiri, ya mutu, na sa manhajar ta riƙa maimaita awon ƙarshe. Manya na zuwa daga Cotonou ganin aikinmu, in sun ga ja ko'ina shi ke nan, fini."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na san halinka, da ka hana."

Wallahi wannan ta fi yi mini ciwo. Ashe ya san ni sarai, shi ya sa ya ɓoye. Yana zaune kusa da ni, yana jina ina yi wa tsoho albishir ta waya, yana kurɓar shayinsa.

Kawu bai taɓa yi mini faɗa ba. Da na koma gaishe shi da Sallah, na ji motsinsa a ɗakin goro na nufi can. Ya fito ya ja ƙofar, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, inda baƙi ke zama.