Waken Tulun Inna

Inna, mahaifiyata, tana da wani tulu a bayan gadonta wanda ko mu 'ya'yanta ba ma taɓawa. Irin wake ne a ciki, kanannado fari mai jan hanci, wanda ta taho da shi daga gidansu a Dingaya tun tana amarya. Duk kaka sai ta zaɓi manyan ƙwayoyi, ta cakuɗa su da toka da dakakken barkono, ta liƙe bakin tulun da laka. An yi shekarar da hatsi ya ƙare mana kafin gero ya nuna, muka koma kwaɗon rama da tafasa, amma ba a fasa bakin tulun nan ba. A gidanmu ba a cin iri.

Bayan rasuwar Baba, gonarmu ta Kangire ta dawo hannuna. Ina koyarwa a Birnin Kudu, ina kuma ji da kaina, don na halarci taron manoma har sau biyu. Daga nan na dawo da waken zamani, ɗan kwana sittin. Na zauna a tsakar gida ina ta zuba kamar ni na ƙirƙiro shi.

Na ce, "Inna, naki sai ya yi wata huɗu yana yaɗo. Wannan kuwa kafin ki ankara ya nuna. Wancan na tulu kam, ki dafa mana kawai mu ci."

Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta.

Da ruwan farko na shuke gonar kaf, ban bar wa tsohon iri ko kunya ɗaya ba. Waken ya yi kyau, har masu wucewa a babur suna tsayawa kallo. Abin da ni malamin makaranta ban lissafa ba shi ne, kwana sittin daga ruwan farko tsakiyar marka ce. Waken ya nuna, sama kuma ta ƙi rufe baki. Ranar da aka ɗan sarara na shiga gonar, na ɓare kwanso ɗaya, sai na ga waken ya tsira a ciki, da saiwarsa fara sol. Na ɓare wani, haka. Sauran duk sun yi baƙi, ganyen ya ruɓe. Ba wake, ba harawar da shanun huɗa za su ci da rani.

Sai na tuna kanannado ko a makare aka sa shi yana ba da harawa. Na nufi gida, na durƙusa gaban Inna, na haɗiye girman kaina na roƙi ko tiya ɗaya.

Ta ce, "Je ka duba."

Na jawo tulun, na ji shi sakayau. An wanke shi tas, ko tokar babu.

"Inna, ina irin?"

"Ka tuna alalar da ka ci ranar da ka gama shuka? Har ƙari ka nema."

Na tuna ta sarai, har santi na yi.

"Inna, wasa fa nake yi!"

"Kai ne mai gona yanzu. Ubanka bai taɓa yin wasa da maganar iri ba. Ka ce a dafa, na dafa." Ta kawar da kai.

Washegari na hau babur sai Dingaya, wajen kawuna, ƙanenta. Ya riƙe baki yana kallona. Ya ce su ai sun daɗe da rasa nasu, in suna so wajen Inna suke aikowa. Na wuce kasuwar Basirka na sayo kanannado mafi kyau da na gani. Inna ta zuba a tafin hannu, ta juya ƙwaya ɗaya ta dubi hancinta.

Ta ce, "Wake ne mai kyau, Allah ya yi albarka. Amma ba na Innata ba ne."

Tulun yana nan, ta fito da shi ƙofar ɗaki. Ruwan sha take zubawa a ciki, kuma duk ranar da na je gida, daga shi take ɗebo mini.