Jakar Kawu a Tsakiyar Gulbi

Warin jiƙaƙƙiyar fata ba ya yi mini daɗi. Ko takalmi ne ruwa ya taɓa, in na shaƙa sai na kau da kai. Kana iya cewa tsufa ne ya fara kama ni. Ba tsufa ba ne, gulbi ne.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai hoto ne a nan Maradi. Rabonsa na gonar gado a Tsibiri ya sayar ya sayi kyamara, irin mai fim ɗin nan ta da. Kakata, wadda ta haife shi, ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa da kyau saboda gonar. Amma a kan wannan ɗan baƙin ƙarfe gidan duka yake ci, har da ita mai fushin. Ni kuwa da lakwal, makarantar boko, ta gagare ni, sai aka ce in riƙa bin sa ina ɗaukar labulen da yake kafawa bayan mutane.

Kawu yakan ce maƙiyan kyamara biyu ne, yashi da ruwa. Yashin hanyar Tsibiri in ya shiga idonta, hoto sai ya fito kamar mai ƙyanda. Don haka gab da damina muka shiga kasuwa neman jaka. Wani mai ɗinkin guga ya ce zai ɗinka masa ta robar cikin tayar mota, a tsuke bakinta da igiya, a goya ta a baya. Baƙa ce, mummuna, tana warin taya. Can wajen dukawa kuma muka ga ta fatar jar akuya, mai laushi, da tuntaye, an shimfiɗa mata atamfa a ciki. Mariƙinta gajere ne, na hannu.

Da kakata ta ji, cewa ta yi, "Fata shan ruwa takai. In ba ka sani ba, tambayi salka. Ɗauki ta roba."

Kawu ya ce, "Haba Inna! In shiga gidan Alhazai da guga a baya? Ai rijiya za su nuna mini."

Kuma ba ƙarya ya yi ba. A bikin manyan 'yan kasuwa, kayanka ake fara kallo kafin aikinka. Ya sayi ta fatar, ya shafe ta da man kaɗe, ya ce ruwa zamewa zai yi.

Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu. Aka kira shi suna a wani ƙauye gaban Jiratawa, a ƙetaren gulbi. Da safe muka tsallaka, ruwa iya idon sawu, mata na wanki. Yinin nan duk ko gajimare babu. To amma ruwan gulbi ba namu ba ne. A can wajen Katsina ake tafka shi, ya gangaro mana ba tsawa ba walƙiya.

Bayan la'asar muka juyo. Kafin mu gan shi muka ji shi, wani gurnani kamar kamiyo, babbar motar kaya, a nesa. Da muka iso bakin gaɓa, sai na ja na tsaya. Ruwan ja ne, da kumfa, yana ɗauke da karare da rassa. Na ga wata tunkiya ta wuce, ƙafafunta a sama.

Wani tsoho mai lambu ya ce, "Mai hoto, ku kwana. Wanga ruwa ƙaruwa yakai."

Kawu ya ce gobe da sassafe yana da ɗaurin aure cikin gari, in bai je ba wani mai hoton za a kira, kuma ya rasa cinikin gidan ke nan. Ya tuɓe riga ya naɗe jakar, ya ɗaga ta sama da hannu biyu. Hannu ɗaya ba ya isa, don ko ɗigo ba ya so ya taɓa ta. Ya ce da ni, "Kama mazagin wandona. In ka saki, ni da kai ne."

Ruwan da sanyi. Ya kai mini gwiwa, ya kai ƙugu. Yashin da nake takawa sai gudu yake daga ƙarƙashin ƙafata, kamar ana janye tabarma. A tsakiya, shi ruwan ya kai masa ƙirji, ni ya kai mini haɓa. Na nemi ƙasa na rasa. Wani reshe ya doke ni a haƙarƙari, mazagin ya suɓuce.

Na sha ruwa mai ɗanɗanon laka. Da kaina ya fito, ga kawu nan kusa, in ya miƙo hannu zai kai gare ni. Hannuwansa suna sama. Ya dube ni. Ya ɗaga ido ya dubi jakar. Ya sake dubana.

Bai daɗe ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Numfashi ɗaya ne. Amma na gani.

Sannan ya sake ta. Ya cafko wuyan rigata, ya ja ni kamar ɗan akuya har gaɓa.

Masu lambu suka tsinto jakar can ƙasa, ta maƙale a ƙaya. Fatar ta kumbura, rininta na zuba. Da kawu ya buɗe kyamarar, laka ce ta tsiyayo. Ya zauna ya daɗe yana shafa ta da babban yatsa, ni ina gefe ina amai. Bai buge ni ba. Da ma ya buga.

A gida aka yi ta sa masa albarka, mahaifiyata na kuka. Kakata kuwa tuwo ta zuba masa. Bai ƙara ɗaukar hoto ba. Dakon albasa ya koma a tasha har bayansa ya ƙi. Bai taɓa goranta mini ba, amma har ya bar duniya ba ma haɗa ido sosai. Ya san na gani.

Yanzu ɗana na fari shi ke ɗaukar bidiyo a bukukuwa, ƙaninsa na bin sa a bayan moto. Kwanan baya ya nuno mini jakunkuna a salula, wayarsa ta hannu, wai wannan ruwa ba ya ratsa ta, waccan ƙura ba ta shiga. Na ce ban san wannan ba. Ni dai ya sayi wadda ake goyawa, wadda za ta bar masa hannu biyu.

Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai yanzu akwai gada."

Na ce, "Ba ko'ina ba."

Shekaru na yi ina jin haushin wancan numfashin na kawu. Sai da na tara iyali, na san abin da ake nufi da bakunan gida duka suna ci daga abu guda, sannan na gane dalilin da ya sa ya dubi jakar. Da ni ne, wataƙila ni ma da na dube ta. Ruwan na daina jin tsoronsa tuntuni. Ganewar nan ita ke firgita ni.