Mamana Ya Faɗi

Yau da safe wata ɗaliba ta ce min, "Malam, yayata ya haihu." A zangon Salaga, mace da namiji duk "ya" ne. Na buɗe baki zan gyara mata, sai Baba ya faɗo min a rai, tsohon da ya ba ni ɗaki lokacin da na baro Katsina na zo koyar da Hausa.

Kullum yana zaune a ƙofar zauren da nake koyarwa, yana kankare goro da 'yar wuƙa don haƙora sun ƙare, rigarsa tana ƙamshin turaren wuta. Wata rana wata yarinya ta shigo a guje tana haki: "Malam, mamana ya faɗi!" Ko ɗago kai ban yi ba na ce, "Ta faɗi ake cewa." Baba ya yar da goron, ya ɗauki sandarsa ya bi ta. Ashe uwar ce ta yanke jiki a bakin rijiya. Allah ya sa ta farfaɗo.

Kunya ta sa na fara haɗa kaya zan koma Katsina. Baba ya tare ƙofa ya ce, "Malam, ina za ka? Ba mu ƙi gyara ba. Amma ka fara jin maganar, sannan ka gyara bakin."

Na kwance jakata, kuma ba zan sake ɗaure ta ba sai yaran nan sun iya rubuta harshen kakanninsu. Shi ya sa yau na ce wa ɗalibar, "Barka! Me aka samu?" Gyara sai gobe.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya ba ni irin kunnensa.