Barmo da tsofaffin kuɗin Tajaye

Barmo mijin yayata Barira ne, saboda haka ina da damar faɗin halinsa, in ya ji haushi ya sha ruwa. Shekara ashirin da shida ya yi yana loda buhunan siminti a Malbaza. Kafin nan ya taɓa tireda a Konni, ya taɓa kamasho a tasha, ya tafi cin rani Abijan sau biyu, babu wadda ya kai ƙarshenta. Mutumin kirki ne, wallahi, amma in ka ce ya zaɓa tsakanin shayi da kafe, sai ruwan ya huce yana tambayar ra'ayin jama'a.

Ubansa bafatake ne, mai kai kanwa Sakkwato a kan jakai. Tsohon yana da wani gwangwani na kuɗin zamanin Ingilishi, yakan zuba su a tabarma yana koya wa Barmo sunayensu: anini, rabin kwabo, kwabo, toro, sisi, sule, fataka. Bakwai ke nan. Barmo yana shekara sha tara ya ɗauke gwangwanin a ɓoye, ya sayar, ya yi kuɗin mota zuwa Abijan. Kafin ya dawo tsohon ya rasu. Ba ya son a ta da maganar, amma tun da ya aje aiki, duk kasuwar da ya shiga sai ya tsaya wurin masu kayan gwangwan yana tona tarkace. Burinsa ya sake haɗa bakwai ɗin nan a hannunsa kafin ya mutu, kuma bai taɓa samun ko guda mai kyau ba.

Bazarar bara wani direba ya ba shi labarin Isufu, manomi a Tajaye, wanda ya rushe tsohon rumbun kakarsa ya tsinci ƙulli a ƙarƙashi. Ni ke da moto, wato babur, don haka ni aka ɗora wa wahalar. Muka je cikin zafin nan mai sa mutum ya tsani ɗan'uwansa. Isufu ya kwance tsumma, sai ga su: uku masu huji a tsakiya da tauraro da rubutun Larabci, uku kuma farare na azurfa, sisi da sule da fataka, biyun ƙarshe da hoton bishiya a bayansu. Barmo ya shiga jera su a tabarma. Ya jera shida, ya nemi na bakwai, babu. Toro ne ya ɓace.

Isufu ya ce jikka arba'in, wato sefa dubu arba'in, kuma yana so kafin ruwan farko, don iri da taki zai saya. Barmo yana da rago guda da yake kiwo, kuɗinsa ya kai haka. Ni na ce masa ya saya mu tafi, toro ai a same shi gaba. Sai ya ce zai yi shawara.

Kai, shawarar nan ta ci mini mai! Ya daina barcin rana, ya dinga zagaya tsakar gida har Barira ta ce ya fita waje ya zagaya. Muka je Konni wurin 'yan canji, suka ce kuɗin da ba ya sayen goro ba kuɗi ba ne. Muka je wurin wani mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya duba a waya, ya ce a ƙasar Turawa ana sayensu da daraja, amma in sun cika, kuma in ba jabu ba ne. Daga jin kalmar jabu sai Barmo ya sami sabon abin damuwa. Da safe ya ce zai saya, da azahar ya ce wane mai hankali ne zai ba da rago a kan abin da bai cika ba, da la'asar ya zo ƙofar gidana yana tambaya ko akwai mai a moto. Muka sake komawa Tajaye, ya jujjuya su a hannu, muka dawo bai saya ba.

A tafiya ta uku ya ce sai mun ɗauki Ayuba, maƙerin azurfa na unguwarmu, ya gwada masa. A nan duk wanda ke shakkar azurfa wurin maƙeri yake zuwa, ba mu san wani masani ba. Muka hau mu uku. Ayuba ya jefa fataka a kan dutse ya saurari ƙararta, ya auna su a ɗan sikelinsa, ya ce azurfa ce tsantsa, irin wadda yanzu ba a samu. Na ga yadda yake juya sule a tafin hannu, amma ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka yau magana ta ƙare. Ina! Barmo ya ce a ba shi sati guda ya bincika ko akwai toro a kasuwar Illela, don in babu shi ko'ina, to sayen shida asara ce. Isufu ya dubi sama, ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Sati guda ya zama uku. Toro bai samu ba. Ranar da aka yi yayyafin farko Barmo ya ja ragonsa kasuwa ya sayar, ya zo mini yana haki, ya ce ya yanke, ko babu toro zai saya. Muka isa Tajaye muka tarar da Isufu a gona yana shuka. Ya ce ya jira har ya gaji, maƙerin nan da muka kawo ya dawo shi kaɗai, ya ba shi jikka sha takwas, ya karɓa.

Muka juyo Malbaza. Muka sami Ayuba a sabuwar rumfarsa ta kwano, gida huɗu tsakaninta da gidan Barmo. Da aka tambaye shi, sai ya buɗe akwati ya fito da zobba biyu da 'yan kunne, suna ƙyalli. Sisi da sule da fataka ke nan.

"Barmo, kai ka kai ni, kuma kai ka ce ba su cika ba," in ji Ayuba. "Sati biyu na bar maka. Ni sana'ata narkarwa ce."

Barmo ya tambayi masu hujin. Ayuba ya nuna sama. Da yana rufin rumfa, robar da ake sa wa ƙusa ta ƙare masa, ya ga waɗannan da hujinsu daidai, sai ya buga su. Haka kakanninmu suke yi da anini, in ji shi, ba ya tsatsa.

Na so in zagi Ayuba, na rasa da me zan zage shi. Na so in zagi Barmo, sai na gan shi, dattijo mai shekara sittin, ya tattare riga yana hawa tsani da filaya a baki, tausayinsa ya kama ni har na kau da kai. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya sauko da kuɗin uku. Guduma ta lanƙwasa su, tauraron kwabo ya baje.

Ya goge su da bakin riga, ya daɗe yana dubansu. Sannan ya miƙa mini kuɗin ragon gaba ɗaya, ya ce in kai wa Barira, don shi ba zai iya haɗa ido da ita yau ba.

"Sadiƙu," ya ce mini a hankali, "a hannuna fa na riƙe su. Sau uku."