Ciyawar Baffa

Ranar wata Lahadi ina zaune a barandar gidan da muke haya a bayan titin Wendover, nan ƙasar Turawa, sai na ji wata ƙara, ƙwas, irin ta ƙwallon fata idan ta haɗu da busasshen itace. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na bi ta bayan wurin ajiye motoci har wani fili, na tarar da 'yan Indiya da 'yan Pakistan da wasu 'yan Jamaika cikin fararen kaya suna kurket. Na zauna a Khartum da Abijan, na yi aiki a Jidda, na ci kasuwa a Lahore, amma duk inda na ga an kafa turakun nan uku na kurket sai in canza hanya. Ran nan dai ƙafata ta ƙi ba ni haɗin kai. Bari in gaya maka dalili.

A gidanmu akwai ƙanen mahaifina, muna ce masa Baffa, kakarmu kuma tana kiransa Auta. Malami ne a makarantar kwana ta garinmu, a can ya koyi kurket. Wasan ba shi da wuyar ganewa. Wani ya rugo ya jefo ƙwallo ta doki ƙasa ta taso, kai kuma ka tsaya da sandarka ka kare turakunka, ka buge ta nesa. In ta kuɓuce maka ta kayar da turke, ka fita. Filin makarantar babu ko ɗigon ciyawa. Kowace shekara bayan kaka, matan unguwa ne ke daɓe tsakiyarsa kamar yadda ake daɓen ɗakin amarya, kakarmu ce kan gaba. Su zuba tsakuwa da jar ƙasa, su yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, su durƙusa da madaɓai suna waƙa har wurin ya yi sulɓi. Sannan a shimfiɗa doguwar tabarmar igiya a kai. A kan wannan daɓe ƙwallo ba ta yaudara, inda ka zata za ta taso nan take tasowa. Baffa ya kan wuni yana bugu ba a fitar da shi ba, har masu jifa su roƙe shi ya tausaya musu.

Da aka zaɓe shi cikin tawagar ƙasa, aka ce za su Ingila, gidanmu ya cika da 'yan barka. Shi kuwa tun ranar ya daina cin tuwo da kirki. Ya ji daga waɗanda suka taɓa zuwa cewa can a kan ciyawa ake wasa, kuma duk gwanin da ya je ya dawo da kunya ba a sake kiransa. Shi kaɗai ne daga yankinmu. In ya faɗi, ya san abin da za a ce.

Sai ya yanke shawarar shuka Ingila a bayan gida. Ya auna wani dogon fegi tsakanin rijiya da gonar geron kakanmu, ya shiga fadama ya tono ciyawar ƙiri-ƙiri da saiwarta, ya zo yana dasawa. Kakanmu ya fito ya tsaya yana kallo, hannu a baya.

"Abin da na ƙare rayuwata ina cirewa, shi kake dasa mini a gindin gona?"

"Baba, na ɗan lokaci ne."

"Ƙiri-ƙiri ba ta san ɗan lokaci ba."

Bazara ce, irin wadda kaji ke buɗe baki a inuwa. Da asuba za ka ji ƙarar guga, da la'asar ma haka. Baffa yana ja, mu yaran gida muna jigila da tuluna, ƙasa tana shanyewa kamar ba a zuba komai ba. Tafin hannunsa ya tsage, ya naɗa tsumma ya ci gaba. Awaki suka gano wurin, ya kewaye shi da ƙaya, suka tsallake, ya koma yin sallar la'asar a gefen fegin don ya yi gadi. Igiyar guga ta gaza, aka ƙara mata wata. Daga baya abin da ke fitowa rabi ruwa ne rabi laka, matan gida suna tacewa da ƙyalle kafin su ɗora tukunya, suna magana ƙasa-ƙasa. Wata safiya kakarmu ta zauna a kan murfin rijiyar ta ƙi tashi.

"Auta, jikokina za su sha ko ciyawarka?"

Ya durƙusa a gabanta da guga a hannu, babban mutum mai koyar da 'ya'yan mutane, ya ce, "Inna, guga biyu kawai." Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tashi ta shige ɗaki. Daga ranar aka fara aiken 'yan mata rafi mai nisa da sassafe.

Ciyawar ta kama, jefi-jefi, nan kore can ƙasa. Ya samo ɗalibansa suna jefa masa ƙwallo a kai. Wani lokaci ta nutse a laka, wani lokaci ta doki tushen ciyawa ta yi tsalle ta fasa masa leɓe. Ya tofar da jini ya ce a sake jefowa. Ya yi imani duk wahalar da ya sha a nan ragi ce daga wadda ke jiransa.

Suka tafi gab da faɗuwar damina. Kakanmu, da ya ce babu ruwansa, shi ya riƙa zuwa shagon tela inda akwai rediyo. Ba a cika ambaton wasan ba, in an ambata kuwa kaye ne. Da Baffa ya dawo, ya rame, dattawan unguwa suka taru a zaure ya ba su labari. Ya ce ciyawar can an aske ta ƙwal, an bi ta da ƙaton ƙarfe har ta yi tauri, ba ta da alaƙa da abin da ya shuka. Ya ce kwana kaɗan da saukarsu aka tura su fili, yatsunsu sun sandare don sanyi, cikinsu babu komai sai dafaffen dankali marar gishiri. Duk wannan sun saurara. Sai ya ce babban abin shi ne ƙwallon tana lanƙwasa a iska. Ta taho kai tsaye, kana ganinta, ka kai sanda, sai ta karkace tun ba ta taɓa ƙasa ba.

Sai wani tsoho ya ce, "Malam, ko kibiya ba ta shan kwana a hanya. Ka ce tsoron Bature ya kama ka, mu wuce wurin." Aka fashe da dariya. Baffa ya tashi tsaye yana kwatantawa da hannu, yana rantsuwa, dariyar tana ƙaruwa. Ba a sake kiransa tawaga ba. A gari kuwa, in mutum ya fara kawo uzuri sai a ce ƙwallonsa ta lanƙwasa. A daminar nan ƙiri-ƙiri ta ratsa shinge ta shiga gero, kuma shekaru bayan haka ina ganinsa da fartanya yana bin ta, ba ya magana da kowa.

Yawo ya nuna mini ba mu kaɗai ba ne. A Lahore na ji masu shago suna zagin 'yan wasansu, zakaru a gida, 'yan tsaki a waje. Wani Bature a Jidda ya yi mini kukan yadda nasu ke narkewa a ƙasashen rana, inda busasshiyar ƙasa ke juya ƙwallo. Hannu yana koyon ƙasar da ya tashi a kai, kuma mako guda ba ya goge abin da shekaru suka rubuta. Amma maganar lanƙwasa a iska, ban taɓa gani ba.

Ranar Lahadin nan hadari ya haɗu, iska ta yi nauyi da laima. Na tsaya daidai bayan turaku. Wani dogon ɗan Jamaika ya goga gefe ɗaya na ƙwallo a cinyarsa har ya yi ƙyalli, ya rugo ya sake ta. Ta taho kai tsaye, sannan a idona ta karkace, ta wuce sandar mai bugu ta tumɓuke turke. Na tsaya har ya sake yi.

Ban koma gida ba, shagon da ake sayar da katin waya na nufa. Baffa yana kwance tun bara, ɓarin jikinsa ya mutu, jinsa ya yi nauyi. Layi ya ƙi shiga, na yi ta bugawa a tsaye a bakin titi, ina addu'a kada a ce mini na makara. Da ƙyar 'yarsa ta ɗauka, ta kara masa a kunne.

"Baffa, na gani! Tana lanƙwasa, wallahi tana lanƙwasa!"

Can ya ce, "Na sani, ɗana. Wa ya rage da za ka gaya wa?"

Babu kowa. Duk wanda ya zauna a zauren nan yana ƙasa. An rufe rijiyar da siminti, gonar ta zama shaguna. Yau yaro zai biya kuɗin gidan kallo ya ga ƙwallo tana karkacewa a hankali a talabijin, bai ma ɗauke shi abin mamaki ba. Na ji an ce yaranmu masu kurket yanzu a kan siminti suke atisaye, kuma in sun fita waje haka suke dawowa da kaye. Da na isa gida na zaunar da jikana na ba shi labarin tun daga farko. Ya saurara da ladabi, ya tambaye ni da Turanci ko kurket ɗin nan wani irin ƙwaro ne, don a harshen haka ake kiran gyare.