Jajayen Dawakin Yayana

A shekarun da aka rufe iyaka kasuwar Illela ta yi sanyi, magidanta da yawa suka rasa abin yi da yamma. Yayana yakan tafi ƙofar shagon wani tela bayan la'asar, su zauna su huɗu a kan tabarma, allon lido a tsakiya. Amma su ba lido suke ce masa ba, yaƙi suke cewa. Sun raba ƙasashe. Tela shi ne Kabi. Wani tsohon masinja na ƙaramar hukuma shi ne Zamfara. Adar kuwa wani mai sayar da atamfa ne daga Ƙonni, wanda yake ratsowa ta gonaki a kan keke tunda hanyar mota ta toshe. Yayana shi ne Gobir, kuma 'ya'yan lidonsa jajaye ne. Dawaki suke kiransu. Wanda aka faɗa wa a kan ɗansa an kashe masa doki ke nan, sai dokin ya koma gida ya jira shida.

Gobir da Adar amana ce tsakaninsu, ba sa taɓa dawakin juna. Kabi da Zamfara ma sukan ƙulla tasu, sai dai ba ta kwana. In na taso daga rumfar albasata nakan tsaya in ji su. Tela ya kaɗa ƙwayar lido a gwangwani ya ce, “Sarkin Gobir, aiko da gaisuwa tun ban iso ƙofar garinka ba.” Yayana ya ce, “Iso mana, ranka shi daɗe. Ka dai taho da kwalekwalenka, don ba bisa doki za ka koma ba.”

Yayana ya rasu da damina, bayan jinya mai tsawo. Ba zan faɗi fiye da haka ba.

Bayan sadakar arba'in mutumin Ƙonni ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu. Muka gaisa, ya sake yi mini ta'aziyya, sannan ya ce, “Ƙanena, tun da anka kai shi ba mu buɗe allon ba. Gobir ba ta zama ba sarki. Taho ka riƙe muna ita.” Na ce ban iya ba sosai. Ya ce amanar da ke tsakaninsa da marigayi ta hau kaina, shi zai tsare mini baya.

Na je. Na zauna a gefen tabarmar da yayana yake zama, inda inuwar rumfa take fara sauka. Abin da nake so ɗaya ne, kada a ce wurinsa ya lalace a hannuna.

Na ci ranar farko. Na ci washegari. Kafin wata ya ƙare na fara ɗaga murya, ina kwaikwayon irin maganarsa. Nakan ce wa tsohon masinja, “Baba, Zamfara ta shirya jangali, gobe ina tafe.” Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Mun bi, ranka shi daɗe.” Har gida nakan je in gaya wa mahaifiyarmu cewa Gobir ba ta faɗi ba. Takan dube ni kawai ta ci gaba da tsince wakenta.

Wata Laraba dokina yana gaban na tela da gida huɗu. Ya kaɗa, huɗu ta fito. Na riga na miƙa hannu zan ɗauke dokina in mai da shi gida, sai na ga ya tura wani dokin nasa daban, can baya, inda ba kowa. Masinja ya kau da kai yana kallon titi. Mutumin Ƙonni ya miƙo mini gwangwani da sauri.

Ban karɓa ba. Na tuna sauran ranakun, yadda lissafin masinja yakan ɓace daidai in ya zo kaina, shi da ya yi shekaru yana raba takardu bai taɓa ɓatan ƙofa ba. Duk cika bakin da na yi ya dawo mini a kunne, da muryar yayana da na ara na yi shi.

Na ce wa tela, “Yaya, huɗu ka jefa.”

Ya ce, “Na gani.”

“To mi ya hana ka?”

Ya gyara zaren da ke maƙale a rigarsa. “Kabi ta ga dama ta yi sassauci. Laifi na?”

Na ce, “Shi ma haka kunka yi mashi da ciwo ya ci ƙarfinshi?”

Masinja ne ya amsa. “Wa? Shi? Zamanshi na ƙarshe nan, ko gwangwanin bai iya kaɗawa sai na kama mashi hannu. Kuma dawakinshi ukku na kashe. Yana tari yana ce mani ɓarawon shanu.” Ya yi dariya kaɗan. “Da mun raga mashi, da bai sake zama da mu ba.”

Wannan ta fi ta farko zafi. Mutumin da ko tashi ba ya iyawa sun yaƙe shi kamar sarki, ni kuwa da lafiyata suna lallaɓa ni. Ban ga laifinsu ba. Jan dokin suke dubawa su kasa kashe shi.

Na yi tunanin in tashi, amma in na tashi wurin ya mutu ke nan. Sai na tambayi mutumin Ƙonni yadda ake warware amana. Ya ce ba a yin ta a ɓoye, sai an faɗa a gaban kowa kafin a jefa. Na ce, “To ku shaida. Gobir ta fita amanar Adar. Duk wanda ya same ni ya kashe.”

Mutumin Ƙonni ya ajiye gwangwanin a gabana. Ya ce, “Yayanka bai taɓa yi mani haka ba.”

Na ce, “Shi bai buƙata ba.”

Muka ci gaba, ba mai magana sai ƙarar gwangwani. Zagaye kaɗan dokin mutumin Ƙonni ya zo bayan nawa, ƙwayar ta ba shi daidai. Ya ɗauki jan dokin, ya riƙe shi a tafin hannunsa ɗan lokaci, sannan ya ajiye mini shi a gida da kansa. Daga nan tela ya samu baki. Ya kashe mini na biyu ya ce, “Wannan ba sarki ba na, riƙon ƙwarya na! Ku kawo mani tamburran Gobir in yi ma yara kwanon fura.”

Ni ne na ƙarshe a ranar, ko doki ɗaya ban shigar ba. Da aka kira magariba tela ya naɗe tabarma ya ce in zo da wuri gobe, Kabi ba ta gama da ni ba. Na ce to.